Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga furodusoshin wasannin talabijin na Legas a kan sha'anin 'yan ekstira

Zuwa ga iyayen gidanmu, furodusoshi da manajojin aiki na kamfanonin da ke ɗaukar wasanni masu dogon zango a Legas, tare da shugabannin ƙungiyoyin sana'a.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, muna gaishe ku da ƙoƙari, da fatan aiki da iyali suna lafiya.

Mu ne masu haɗa muku jama'a. In darakta ya ce gobe yana son kasuwar tumatir cike da 'yan Arewa, ko tashar mota, ko sahun masallata, ko taron ɗaurin aure, wayarmu ce ke ƙara. Mu ke bin Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Alaba Rago muna rubuta sunaye, mu tashi mutane da asuba, mu tsaya a kansu a lokeshan, wato wajen ɗaukar fim, har a tashi, mu kuma tabbatar kowa ya koma gida. Waɗannan mutane, masu cike fili a bayan jarumai ba tare da yin magana ba, su ake kira waka-pas a nan garin, ko 'yan ekstira. Da yawunsu muke magana, da kuma namu. Mun rubuta da Hausa ne don su ma su karanta, ko a karanta musu, su san abin da aka faɗa da sunansu. Kwafin Turanci zai iso ofisoshinku.

A 'yan makonnin nan kamfani fiye da ɗaya ya sanar da mu sabon tsari. An soke motar ɗauko 'yan ekstira, kowa ya kawo kansa, wai kuɗin mota yana cikin kuɗin wuni. Biya kuma ya koma sai tashar talabijin ɗin da ta ba da aikin ta saki kuɗi, wata ɗaya ko biyu. Ba za mu kama suna ba, don ba tonon silili ya kawo mu ba. Mun san tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 kuɗin mota da abinci da hayar kayan aiki duk sun yi sama, dole a nemi inda za a rage. Sai dai inda aka zaɓa a rage ɗin nan gudun gara ne a faɗa gidan zago, kuma ga dalilanmu.

Mu fara da mota. A ce an sa ƙarfe 7 na safe a hallara a Ajah, mutum kuma yana kwana a Agege. Sai ya hau mota zuwa Oshodi, ya canja wata ta haye gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 zuwa Obalende, ya sake hawa wata ta bi titin Lekki zuwa Epe, sannan ya nemi hanyar shiga lungun da gidan yake. Acaba ba ta cikin lissafi: tun 1 ga Yuni, 2022 aka hana ta a ƙananan hukumomi shida, har da Eti-Osa inda Lekki da Ajah suke, a watan Satumba kuma aka ƙara huɗu, ciki da Mushin da Oshodi-Isolo da Kosofe. Jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a Agege, amma iyakarsa Oyingbo. Wato mutum sai ya bar gida kafin kiran sallar asuba, ya biya mota uku ko huɗu daga aljihunsa, kan kuɗin da ba zai gani ba sai bayan wata guda.

Abin da ke faruwa a lokeshan kuwa kowa ya sani. Mutum 60 da aka bari kowa ya kawo kansa ba sa isowa tare. Goma su zo da 6:30, ashirin da 8, saura gosulo ya riƙe su har 10, wasu su juya daga hanya don kuɗin hannunsu ya ƙare. Faffaɗar ɗauka, wadda ake nuna kasuwar gaba ɗaya, ba ta yiwuwa sai kowa ya hallara. Hasken da mai kyamara ke so na tsakanin 7 ne da 9. Da rana ta kai tsaka, inuwa ta sauka a kwarmin ido, mai malafa kuwa fuskarsa ta ɓace ɗungurungum. A duk tsawon jiran nan janareta yana shan dizal, ma'aikata talatin ko arba'in suna zaune, jarumar da ake biya da wuni tana cikin mota tana duba agogo. Ku haɗa kuɗin awa uku na wannan zama, ku kwatanta da hayar kosta biyu.

Motar ma ai wajen aiki ce a gare mu. A bakin ƙofarta muke kiran suna, mu duba kayan da kowa ya sa da na canji da ya riƙo, mu mayar da wanda ya zo da rigar ƙwallo tun yana kusa da gida. A cikinta muke ba kowa lambarsa, mu faɗi abin da sin ɗin, wato ɓangaren wasan da za a ɗauka, ya ƙunsa, mu ja kunne a kan waya da kallon kyamara. Duk wannan in ba a yi shi a hanya ba, a lokeshan za a yi shi, cikin lokacinku. Komawa gida ta fi zuwa haɗari. An tashi ƙarfe 11 na dare a Sangotedo ko Ikorodu, an ce wa matan aure da 'yan mata kowa ya nemi mota, a garin da kowa ya san labarin motocin wan-cans na ɓarayi masu yi wa fasinja fashi. In wani abu ya samu 'yar wani, ƙofar gidanmu za a buga, don mu aka sani.

Sai biya. Ku dubi su wane ne mutanen nan. 'Yan dako ne na Mile 12, masu shayi, masu tura ruwa, masu gyaran takalmi, masu gadin dare da ke da hutun rana, mata masu tuyar masa da awara, da ɗalibai. Abin da aka samu yau shi ake ci yau, a kuma zuba adashi da yamma. Wunin da mutum ya yi a lokeshan wuni ne da ya rufe sana'arsa. Da yawansu kuma 'yan ci-rani ne. Da ruwa ya sauka a Arewa, wajen watan Mayu zuwa Yuni, sun kama hanyar Sakkwato da Zamfara da Jigawa su yi shuka. Kuɗin da aka ce sai bayan wata biyu zai fito ne mai shi yana gona, layin wayarsa ma wataƙila ba ya shiga. Haka haƙƙin mutane ke maƙalewa, ba a san inda ya tsaya ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a cikinmu ma akwai masu laifi. Kuɗi yakan fito daga manaja ya bi ta hannun ejan, ya bi ta hannun yaron ejan, ya zo gare mu, kowa ya gutsura, abin da ya isa hannun mai shi bai kai rabi ba. Wannan yana yiwuwa ne saboda ɗan ekstira bai san nawa kamfani ya ware masa ba, ladan mai haɗa jama'a kuma ba shi da layinsa a kasafi, sai aka bar shi ya ciro daga na mutane. Maganinsa kati ne mai lamba, kwafi biyu: suna, lambar waya, lokacin shiga, lokacin fita, adadin kuɗi, da sa hannun wakilin kamfani. Ɗaya ya zauna wajen akanta, ɗaya a aljihun mai shi. Yawancin mutanenmu yanzu suna da asusu a waya, ko na banki ko irin su OPay da Moniepoint. Akanta zai iya tura wa mutum 60 kai tsaye kafin mota ta tashi, kowa ya ga alat ɗinsa yana zaune a kujera.

Yanzu ga inda abin ya fi shafar aikinku, wato kwantiniti, dacewar abin da aka ɗauka yau da wanda za a ƙarasa wata rana. Wasa mai dogon zango ba a ɗaukarsa a jere. Sin ɗin kasuwa ɗaya ana iya fara shi Litinin, ruwa ya tsayar, a ƙarasa Alhamis. Dattijon nan mai shuɗin kaftani da jar dara da ke zaune a bayan jaruma, kwandon attaruhu a gabansa, dole ya dawo Alhamis da kaftanin nan da hular nan, ya zauna a kan bencin nan. In bai dawo ba, edita zai haɗa ɗauka biyu ya ga mutum ya ɓace tsakanin kalma da kalma. Shi ya sa muke ɗaukar hoton kowane layi da waya kafin a fara da bayan an gama, mu zana taswirar wajen a takarda, mu rubuta lambar kowa a inda ya tsaya, har da yawan shayin da ya rage a kofi da hannun da ke riƙe da carbi. Amma hoto ba ya dawo da mutum. Wanda ya wuni Litinin ya koma gida hannu rabbana, Alhamis yana Mile 12 yana sauke buhun albasa, kuma ba mai ganin laifinsa. Daga nan sai dai a sake ɗaukar na Litinin ɗin gaba ɗaya, ko a matse kyamara a fuskar jaruma har kasuwar da aka kashe wa kuɗi ta daina fitowa.

Akwai masu ganin kowa ma zai iya wannan aiki, tunda wucewa ce kawai. Bari mu nuna yadda ake tsara minti ɗaya na kasuwa. Jama'a kashi uku ake raba su. Na gaba su ne masu giftawa dab da kyamara, ana ganin kafaɗarsu kawai, su ke sa wajen ya yi kamar ya cika. Na tsakiya su ne na kusa da jarumai, fuskarsu tana fitowa sosai, nan ake sa gwanaye. Na baya su ne masu cike nesa. Mataimakin darakta yana tabbatar da sauti da kyamara sun fara, sai ya ba jama'ar baya umarni su motsa, sannan a ce akshan, don kada a ga kasuwa a tsaye cik ta tashi lokaci ɗaya. Kowa yana da alamarsa. Mai baro zai taso ne daidai lokacin da jaruma ta ce "nawa". Mata biyu masu kwando su ƙirga uku bayan wucewarsa su gifta daga hagu. Mai shayi ya ɗaga kofi ya sheƙa sau biyu, ba uku ba, don a ɗaukar kusa ma sau biyu zai yi. In an ce kat, kowa ya koma wajensa na farko cikin daƙiƙa talatin, tumatirin da aka auna a mayar da shi kwando.

Duk wannan kuma ba da murya ba. Mai ɗaukar sauti maganar jarumai yake so tsaf, saboda haka masu ciniki baki kawai suke motsawa. Sabon shiga yakan yi raɗa, makirfo kuma raɗa ta fi damunsa. Ko mutum biyu su riƙa motsa baki tare ba mai sauraron wani, ko a yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, ko a ja silifa a ƙasa, ko ido ya saci kallon kyamara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sake ɗauka ne. Mutum 20 da suka saba sun fi 50 da aka kwaso da safe, kuma waɗanda suka saba ɗin su ne ke fara gudu in an wulaƙanta su, don suna da wasu masu kiransu. Hayaniyar kasuwar daga baya ake ɗaukarta ita kaɗai, minti biyu ko uku. A nan muna roƙon a riƙa barin mai jin Hausa ya sa abin sauraro a kunne. In an ce wa mutanen da suka wuni da yunwa su yi ta surutu, me kuke zaton za su faɗa? Mai kallo a Kano yana ji sarai.

Jadawalin gobe shi ne tushen komai, shi ne kuma aka fi raina mu a kansa. Saƙo ya zo ƙarfe 11 na dare: a kawo Hausawa 80. Maza nawa, mata nawa, masu wane shekaru? A labarin safiya ce ko dare, ranar kasuwa ko ranar Sallah? Za su sake dawowa wata rana? Sai mun san wannan za mu iya gaya wa mutane abin da za su sa. Farar shadda mai sheƙi tana ƙonewa a kyamara in rana ta doke ta. Yadi mai siraran layuka yana rawa a allo. Riga mai tambarin kamfani ko ƙungiyar ƙwallo ba ta shiga. In za a yi aiki da koren ƙyalle, wanda ake gogewa da kwamfuta a sa wani hoto a madadinsa, mai koren mayafi zai fito rabin jikinsa babu. Kowa kuma kaya biyu muke so ya riƙo, don a juya shi ya zama wani mutum a wani sin. Wannan ba ya shiryuwa da tsakar dare, mutane sun yi barci, kayan wasu suna wajen wanki.

Kalmar "Hausawa" ɗin ma a takarda tana rufe abubuwa da yawa. Ɗan kasuwar gwari daban, makiyayi daban, Buzu mai gadi daban, Babarbare daban, kowa da shigarsa. Mai kula da sutura yakan zube komai a buhu ɗaya ya raba. Sai ka ga an naɗa wa mai gadi rawani mai kunne biyu, wanda a Kano na 'ya'yan sarauta ne, ko an ba mai tumatir malafa da sandar kiwo, ko an yafa wa ɗan aike alkyabba. A sin ɗin sallah a jera sahu yana kallon inda kyamara ta ga dama, alhali alƙibla daga Legas arewa maso gabas take, liman ya tsaya cikin sahu, takalma a kan tabarma. Muna wajen, muna gani, minti biyar ya isa a gyara in an tambaye mu kafin a kunna fitila. In an bari sai an haska, dariya ake yi a Arewa, da kamfanin da mu da muka kawo mutanen. (Batun cewa kullum ɗan Arewa mai gadi ne ko mai shayi, a garin da Hausawa suka zauna a Agege tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, wannan na marubutanku ne, za mu bar shi zuwa wata rana.)

In rage kuɗi ake nema, ga inda yake. A daina kiran mutum 80 da ƙarfe 7 alhali sin ɗinsu sai la'asar. A fara da faffaɗar ɗauka, a gama da jama'a gaba ɗaya cikin awa biyu ko uku, a sallami 60 da kuɗin rabin wuni da aka yi yarjejeniya a kai tun jiya, a riƙe 15 ko 20 na ɗaukar kusa. In filin taro ake so ya cika, a kafe kyamara waje ɗaya kada ta motsa, a zaunar da mutum 40 a hagu a ɗauka, a canja musu huluna da mayafai a mayar da su tsakiya, sannan dama, edita ya haɗa su zama 120. Wannan kaɗai ya biya kuɗin mota da abinci har da saura.

Wajen zaman jira ba ya buƙatar dogon bayani, lissafi ne. Rumfa da kujera ga kowa, nesa da inda ake ɗaukar sauti amma kada ta wuce tafiyar minti biyu. Fiya wata rabin lita ce, leda tana ɗauke da 20. Mai wuni a rana yana buƙatar aƙalla shida, wato mutum 60 leda 18, ban da jarka biyu da butoci na alwala. Banɗaki ɗaya ga mutum 25, na mata daban, da ɗakin canja kaya mai ƙofa, da mace mai kula da su. Abinci kada ya wuce awa shida daga hallara, kuma a ƙirga 'yan ekstira tun wajen mai dafawa, a daina ba su ragowar tukunya bayan ma'aikata sun ƙoshi. A gaya mana irin naman da aka sa. Mutum ɗaya daga cikinmu yana iya riƙe jama'a 25 zuwa 30, in sun haura haka sai an ƙara hannu.

Sallah ba ta taɓa tsayar da aikin da aka tsara ba. Azahar da la'asar minti goma-goma ne, kuma a kowane wuni akwai lokutan da ake canja fitilu ko a juya kyamara, waɗanda suka fi haka tsawo. Mataimakin darakta ya ce mana kawai akwai minti 15, mu mun san yadda za mu raba mutane. Ranar Juma'a a haɗa hutun abinci da lokacin masallaci. Da azumi, in akwai sin ɗin cin abinci da rana, a faɗa tun da wuri: akwai 'yan'uwanmu Kiristoci masu jin Hausa daga Kudancin Kaduna da Filato da sauran wurare, su za mu sa a gaba. Su ma kuma a tuna da safiyar Lahadinsu.

Akwai abu ɗaya da muke so ku karanta sau biyu. In labari ya zo da 'yan bindiga ko masu garkuwa, mu ake kira. A kai samari ashirin dajin Epe ko Badagry, a naɗa musu rawani, a rataya musu bindigar roba, suna magana da Hausa. Manomin da ya hango su daga nesa bai ga kyamara ba. Kafin a ankara labari ya kai gari, 'yan sintiri sun fito, kuma kun san abin da taron fushi ke yi kafin a tsaya tambaya. Irin wannan sin kada a fara shi sai an sanar da ofishin 'yan sanda na yankin a rubuce, an gai da bale, wato mai garin, an kafa alluna a bakin hanya, kwafin takardar izini kuma yana hannun mai kula da jama'a. Kayan wasa da makaman a lokeshan ake sa su, a nan ake cire su, ba mai shiga mota da su. Sasantawa da 'yan eriya, wato zauna-gari-banzan unguwa masu neman a ba su kuɗi, aikin manajan lokeshan ne tun kafin ranar, kada a turo mu gaba in sun zo.

Haka sin ɗin gudu da tarzoma. A share filin daga ƙusa da kwalba, a rufe wayoyin lantarki, a gwada da tafiya sau biyu kafin a yi da gudu, a cire tsofaffi da masu silifa daga tsakiya. Akwatin magani da mota a tsaye su kasance a wajen, lambobin gaggawa na jiha, 112 da 767, a rubuce a jadawali. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da mai aikin wucin gadi, saboda haka wanda ya karye a sin ɗinku ba a sallamarsa da kuɗin Panadol.

Takardar amincewa kuma da Turanci take, ana miƙa ta da dare lokacin da kowa ke hanzarin tafiya, a ce dangwala nan. Mutum bai san ya yarda a nuna fuskarsa har abada a ko'ina ba. Wani ma bai san ɗan fashi zai fito ba sai da aka miƙa masa bindiga. Daga baya a yanko daƙiƙa ashirin a sa a TikTok ko Facebook ba bayani, hoton ya isa ƙauyensu kafin shi, surukai su gani. A rubuta takardar da Hausa, a karanta ta a bayyane da safe, a kuma faɗi irin rawar tun daren jiya, wanda ba ya so ya zauna a gida ba tare da an soke sunansa daga aikin gaba ba. Hotuna da lambobin waya da na asusu da muke ba ku amana ne, akwai kuma dokar kare bayanai ta 2023 a kansu. A daina zuba su a guruf ɗin WhatsApp, musamman na mata, inda daga nan wani zai fara kira da dare wai zai ba ta rol.

Yara kuwa, ba za mu ƙara yarda a kwaso su daga ƙarƙashin gada da burodi da 'yan canji don sin ɗin bara ba. Jihar nan tana da dokar haƙƙin yara tun 2007. Sai da izinin uba ko uwa a rubuce, da babba mai rakiya, ba ranar makaranta ba, ba dare ba, kada kuma su wuce awa huɗu.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo kai tsaye. A janye tsarin nan biyu. A dawo da mota, ta tashi daga matattara ɗaya da an idar da sallar asuba, ta kuma mayar da mutane wajen da ta ɗauko su, a daidaita lokacin hallara da nisan hanya. A biya kowa ranar da ya yi aiki, kai tsaye, bisa katinsa, a ware ladanmu a layinsa daban. Wuni ya zama awa goma daga hallara, abin da ya haura a biya shi awa-awa. In an soke aiki bayan ƙarfe 8 na dare a ba da rabi, in mutane sun riga sun iso a biya cikakke ko da ruwa ne ya hana. Wanda aka ba magana, ko da "sannu da zuwa, Oga" ce, ya tashi daga ɗan ekstira, a ƙara masa. Wanda ya zo da teburin shayinsa, ko kurar ruwa, ko raguna daga Alaba Rago, a biya hayar kayansa daban. Jadawali ya iso mana kafin ƙarfe 6 na yamma.

Ga shugabannin ƙungiyar furodusoshi ta AMP, da ta daraktoci DGN, da ta 'yan wasa AGN, muna roƙon ku zauna ku mayar da waɗannan abubuwa takarda mai shafi ɗaya da kowane kamfani zai sa wa hannu, Turanci a gaba, Hausa da Yarabanci da Ibo a baya, don 'yan ekstira na sauran ƙabilu ma abin da ke cinmu yana cin su. Hukumar tace fina-finai ta jihar Legas kuma muna roƙon ta sa batun yara da na makaman wasa cikin sharuɗɗan da take gindaya wa masu ɗaukar fim a jihar.

Mu ma ga abin da muka ɗauka wa kanmu. Za mu kawo adadin da aka nema, da ƙarin mutum ɗaya a kan kowane goma saboda tsaro, a kan lokaci, da kayan da aka ce. Ba mai ɗaukar hoto da waya a lokeshan, ba mai damun jarumai. Duk wanda aka kama a cikinmu yana taɓa kuɗin mutane, mu da kanmu za mu kawo muku sunansa. Daga farkon wata mai kamawa kuma, aikin da ba a rubuta mana mota da ranar biya a jadawalinsa ba, za mu ba da haƙuri tun a waya, ba za mu tashi kowa da asuba ba.

Mun buga samfurin katin biya da takardar amincewa ta Hausa. Duk manajan da ke so ya gani, ya gaya wa wanda ya saba kira a cikinmu, za a kawo masa ofis, mu zauna a duba tare kafin a shiga zango na gaba.

Mun gode, Allah ya ƙara girma.

Naku,
masu kula da 'yan ekstira na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago,
Legas.